Filtar wankewa ko ta yarwa? Tambayi babur ɗinka tukuna

Masu karatu, wannan makon za mu ɗan shafa baƙin mai a hannu. Cikin 'yan uwanmu da ke hawan babur a Landan, masu kai abinci da masu gudun tsadar jirgin ƙasa, akwai wata gardama da take ta dawowa: filtar mai ta takarda da ake yarwa duk juye, ko ta ƙarfe da ake wankewa a mayar? Na ce filta ne da gangan, don idan na ce matatar mai hankalinku zai tafi ta Ɗangote.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne da yawa daga cikin masu gardamar nan babu filtar da za su saya ko su yar. Ƙananan baburan da suka cika titunan Peckham da Whitechapel da akwatin abinci a baya, irin su Honda PCX 125, ba su zo da filtar takarda ba. Abin da ke cikinsu wata 'yar raga ce ta waya mai kamar rariya, a bayan wani murfi a ƙasan injin. Ana kwance ta, a wanke, a mayar. Ke nan mai irin wannan babur tuni yana amfani da ta wankewa, ko ya sani ko bai sani ba. Baƙin man da injin ke ɗauka bai cika lita ɗaya ba, don haka abin da zai ceci injinsa shi ne yin juye a kan lokaci, musamman da yake aikin kai abinci tsaya-tashi ne daga safe har dare. Kuma tunda ɗalibai na karanta shafin nan: bizar karatu ba ta yarda mutum ya yi aikin kansa ba, masu kai abincin Deliveroo kuwa a matsayin masu aikin kansu ake ɗaukar su. A kula.

Wannan tsari na raga ba baƙo ba ne gare mu. A 1975 Honda ta fito da CG125 musamman don ƙasashen da ba a cika kai babur sabis ba. Ta sa masa raga, ta ƙara da wani ƙoƙon ƙarfe da ke juyawa da sauri idan injin na aiki, ya wurga dattin man ya manne a jikinsa sai ranar da bakanike ya buɗe ya kankare. Kamfanonin China da dama sun kwaikwayi injin nan, ga su nan birjik a Arewa da Nijar. Tun kafin gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, yaran gareji suke wanke ragar nan da ɗan fetur a gwangwani, babu wanda ya kira abin da sabuwar fasaha.

Gardamar ta gaske tana kan manyan babura, masu filtar gwangwani da ake murɗawa a jikin injin. A yawancinsu mai ɗaya ne ke zagaya injin da giya da kulochi, shi ya sa yake kwaso ɓurɓushin ƙarfe da na faifan kulochi fiye da na mota. A nan filta tana da aiki sosai. Ta yarwa, irin ta HifloFiltro, ba ta cika wuce fam goma ba. Ta wankewa, irin wadda kamfanin K&P Engineering na Amurka ke yi da ragar ƙarfen da ba ya tsatsa, tana iya haura fam ɗari.

Masu sayar da ta ƙarfe suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne zancen talla ba. Mai yana ratsa raga cikin sauƙi ko da sanyin Janairu ya sa ya yi kauri. Wannan yana da muhimmanci, domin akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan mai ya kasa ratsa filta, ya wuce injin ba tacewa. Sannan duk lokacin da ka wanke raga kana ganin abin da ta kama da idonka. Idan ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe ya yi yawa, injin ne ke gaya maka yana ciwo tun kafin ya kwanta.

Amma ramukan ragar, a cewar masu yin ta, maikuron 35 ne, wato kusan rabin kaurin silin gashi. Duk abin da ya fi haka ƙanƙanta wucewa zai yi. Takarda kuwa zaruruwa ne a cakuɗe masu kauri, suna riƙe da yawa daga cikin ƙananan ɓurɓushin nan da ke cin injin a hankali. Kamar bambancin tace koko da rariyar waya da tace shi da ƙyalle ne: na farko ya fi sauri, na biyu ya fi laushi.

Ga kuma lissafin kuɗi. Sai ka yi juye fiye da sau goma kafin ta ƙarfe ta mayar da kuɗinta. Mai hawa ƙarshen mako, da ke juye sau ɗaya a shekara, zai kammala digiri, ya sayar da babur, ya koma gida bai ci ribarta ba.

Abin da ya fi karkatar da ni shi ne wankin kansa. A Kano akwai fili, akwai yaron gareji, akwai ma mai sayen tsohon mai ya shafa wa katako saboda gara. A Landan fa? Mutum yana hawa na huɗu, ɗaki ɗaya, kicin na haɗaka. Ina zai wanke raga? Da me zai busar da ita? Ruwan wankin da ya gauraya da mai ina zai kai shi? Zuba shi a kwata ko a bututun wanke-wanke laifi ne a dokar ƙasar nan. Dole a ɗure shi a jarka a kai cibiyar karɓar shara ta ƙaramar hukuma, inda dama can ake kai tsohon man. Masu cewa ta ƙarfe ta fi kare muhalli suna ƙirga gwangwanin da ba a yar ba, suna mantawa da jarkar nan. Idan kuma aka yi wankin sama-sama, ko aka kurkure ta ɓangaren da bai dace ba, dattin da aka tara wata shida shi za a mayar cikin injin da hannu.

Don haka ga mai babban babur a Landan, ni ta yarwa nake zaɓa masa, ta kamfanin da aka sani, ba mai arhar banza ta intanet ba. Ta ƙarfe ta dace da mai gareji a gida da ke cin dogon zango, ko mai shirin tura babur Maraɗi ko Katsina alhali ba lallai a sami filtar samfurinsa a kasuwa ba. Idan babur ɗin sabo ne, a karanta sharuɗɗan garanti kafin a sa masa abin da ba na kamfani ba. Mai PCX kuwa ya tambayi bakanikensa a juye na gaba ko ya taɓa kwance ragar nan, ya ce a nuna masa ita.