A Nemi Ilmin Gini A Waya, A Dube Shi A Gida

Jama'ar kwalejin nan, malamai da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa na ga ya kamata in kawo ta gabanku. Wanda bai lura ba zai ce ƙarama ce, amma in muka yi sakaci da ita, abin da za mu rasa ba ya komowa.

A shekarun 1950, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, dattawa da gemunsu ba su ji kunyar zama bisa tabarma da maraice suna koyon abacada ba. Waɗanda suka ɗan yi nisa kuwa sai su yi karatu ta gidan waya, a aiko musu da darasi daga Ingila, su amsa, su mayar, su zauna jiran gyara. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin malami ya ƙara ilmi yana bakin aikinsa. Yau ga shi makarantar manya ta shigo aljihu. Mutum yana zaune nan Potiskum da wayar hannunsa, sai ya shiga aji ta intanet, ya ji shaihin malami yana bayani daga Amurka ko Ingila. Cikin abin da ake koyarwa har da tarihin zane-zane da na gine-gine. Akwai Smarthistory, wanda waɗansu malamai biyu, Beth Harris da Steven Zucker, suka fara a 2005, akwai kuma Khan Academy, dukansu ba a biyan ko kwabo.

Ni kaina na shiga irin wannan aji da dogon hutun da ya wuce. Aka nuna mana Masallacin Ƙurɗuba na Andalus, wanda aka fara ginawa a 785, da bakunansa hawa biyu, wani bisa wani. Aka nuna mana Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, ginin ƙasa da babu kamarsa girma a duniya, wanda mutanen gari ke taruwa kowace shekara su yi masa yaɓe. Sunaye da shekaru kam na haddace, amma babban abin da na ƙaru da shi shi ne yadda ake yi wa gini tambaya. Da me aka yi shi? Me ke riƙe da rufinsa? Ta ina iska da haske ke shiga? Me mai ginin ke so baƙo ya ji in ya sa ƙafa ciki?

Da muka kusa gamawa sai aka ce kowa ya zaɓi wani tsohon gini a garinsu ya bayyana shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ga zauren kakana inda na yi karatun allo. Na ɗauki takarda na tafi unguwar. Ko da na isa sai na tarar an rushe shi, an jera shaguna uku na bulo da rufin kwano a wurin. Babu wanda ya ɗauki hotonsa, babu wanda ya auna shi, maginin da ya yi shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Na tsaya nan kunya ta rufe ni. Ni da ke iya ba da labarin masallacin Andalus, ashe ban san azara nawa ke bisa kaina ba duk shekarun da na yi ina zama a wannan zaure.

To, ga ra'ayina. Lalle mu shiga waɗannan azuzuwa, gama suna buɗe ido. Amma yawancin abin da ke cikinsu na Turai ne, namu kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya tsaya ga waya kaɗai zai fito ya san gidan kowa ban da nasu, kowa ya bar gida kuwa gida ya bar shi. Waya ta koya mana yadda ake dubawa, sa'an nan mu aje ta mu fita mu dubi abin da ke ƙofarmu.

Kada wani ya ce ba mu da abin dubawa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙasar Fune, tsakanin nan da Gashuwa, sai ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa kuwa wajen 8,000, ba a san wanda ya girme shi ba a Afirka duka. Wanda ya ga yadda aka fiƙe bakinsa ya san masassaƙin ba ɗan koyo ba ne. Can arewa kusa da Gaidam ga kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen ƙarshen ƙarni na 15, aka ci shi da yaƙi a 1808. An yi ginin jan bulo a can tun Bature bai san hanyar ƙasar nan ba. Nan cikin gari ma, tun 1924 fadar Fika ta komo Potiskum, watau akwai gine-ginen da shekarunsu suka doshi ɗari. Ga rumbunan Ngizim da na Karekare da na Bolewa a ƙauyuka, ga zanen ƙwarya, ga ɗinkin hula, ga zayyanar allo.

Ginin ƙasa kuma ilmi ne mai ƙa'ida. Magini ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta ruɓa, ya mulmula tubali ya shanya. In zai yi rufin soro mai faɗi, sai ya jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, yana ɗaure wata bisa wata tana ɗan leƙowa, har na wannan bango su sadu da na wancan. Shi ne bakan gizo. Ya shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya zame, ya tsai da zanko bisa kusurwa. Da irin wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Abin mamaki, wanda ya bi ƙasar nan yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su baƙo ne daga ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Ya kyauta ƙwarai. Amma ai bai shiga kowane lungu ba, sauran aikin namu ne.

Na san akwai masu cewa wannan karatu ba ya kawo tuwo. Su dubi Faransis Kere na Burkina Faso. A 2001 ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwanon sama don zafi ya fice, a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu tsara gini ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Su dubi Falke Barmu, maginin gargajiya na Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda masallacin ƙasa da ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Duk wanda ya taɓa koyarwa a aji mai rufin kwano da bazara, yara na gyangyaɗi saboda zafi, ya san wannan magana ta shafi malami.

Waɗansu kuma suna ƙyamar abin don hotunan mutum-mutumi da ke cikin waɗansu darussa. Fage ne mai faɗi, ba a tilasta wa kowa ba. Mai so ya ɗauki tarihin masallatai, ko na rubutu da zayyana, ko na saƙa da rini, zai tsufa bai ƙare ba.

Kukan da ya fi gaskiya shi ne na kuɗin data, da rashin wuta, da Turancin da ke gudu kamar ruwa. Maganinsa a haɗa kai. Mutum biyar su yi karo-karo, a sauke darasi sau ɗaya, a kalla tare, wanda ya fi jin Turanci ya fassara wa saura. Kuma kada kowa ya yi garajen biyan kuɗin takardar shaida sai ya tabbata za ta yi masa amfani.

Shawarata ita ce, kowane ɗalibi in ya tafi hutu ko koyarwar gwaji ya zaɓi gini guda, ko zaure, ko rumbu, ko masallacin unguwa. Ya nemi iznin maigida da ladabi, ya auna tsawo da faɗi da kaurin bango, ya ɗauki hoto, ya zana. Sa'an nan ya nemi tsohon magini ya durƙusa gabansa, ya rubuta sunan kowane abu da Hausa, da Ngizimanci ko Karekare ko Bolanci. In an komo a tara a ɗakin karatu na kwaleji. Ɗalibi ɗari, gini ɗari ke nan cikin shekara guda. Ina roƙon malamanmu su dubi wannan, ko a lissafta shi cikin aikin da ake ba da maki.

Mu ne za mu tsaya gaban yara gobe, abin da ba mu sani ba kuwa ba za mu koyar ba. Tun ran gini ran zane. Zauren kakana ya riga ya tafi, amma na maƙwabcinka yana tsaye, maginin ma wataƙila yana da rai. A hanzarta tun damina ba ta rigaye mu ba. Allah ya sa mu dace, amin.