Gero, Nono da Ƙwayoyin Hanji: Wani Aiki da ke Jiran Masana a Ƙasar Daura

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. To, amma masana kimiyya na wannan zamani sun gano cewa abin da mutum ya ci ba shi kaɗai yake ci ba. A cikin hanjin baligi akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda aka ƙiyasta yawansu a shekarar 2016 da kimanin tiriliyan 38. Su ne suke narkar da abin da ya gagari tumbi, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye, su mayar da shi sinadaran da suke ciyar da bangon hanji, suna kuma taimakon garkuwar jiki.

Matsala ta farko a nan ta harshe ce. Duk inda aka ambaci waɗannan halittu da Hausa, sai a ce "ƙwayoyin cuta", alhali kuwa mafi yawan mazauna hanji ba su sa cuta. Mutumin da aka koya wa cewa cikinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, ba abin mamaki ba ne idan ya sayi kafso a kasuwar Mai'aduwa don murɗawar ciki ta yini ɗaya, ya haɗiya ba da izinin likita ba, ya kashe na kirki tare da miyagu. Ya fi dacewa a ce "ƙwayoyin hanji", a bar kalmar cuta ga masu cutarwa.

Binciken da ya fi kusa da rayuwar ƙasar Daura shi ne wanda Carlotta De Filippo da abokan aikinta suka buga a 2010. Sun kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Fulorans a Italiya. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganyaye, wato kusan abin da ake ɗorawa a murhu a Sandamu ko Zango ko Baure. Sai aka tarar ƙwayoyin hanjinsu sun fi yawan iri, masu narkar da dusa sun rinjaya, sa'an nan dangin ƙwayoyin da suke kawo gudawa sun fi ƙaranci a jikinsu. A 2015 kuwa Stephen O'Keefe ya yi musayar abinci tsakanin baƙar fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20. Cikin mako biyu kacal alamun haɗarin sankarar hanji suka ragu ga waɗanda suka koma cin abincin ƙauye, suka ƙaru ga waɗanda aka ba maiƙo da nama. Har ila yau, a 2021 masana a Jami'ar Stanford sun nuna cewa cin abinci mai tsami na mako goma yana ƙara yawan irin ƙwayoyin hanji, yana kuma rage alamun kumburi a jini.

Abinci mai tsami kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nonon da 'yar Fulani take kwanarwa a ƙwarya, da kamu da ake jiƙawa ya kwana, da kalwar da ake dafawa a rufe kwanaki har ta zama daddawa, duk aikin irin waɗannan halittu ne. Sai dai a lura, koko da miyar daddawa suna bi ta wuta, kuma wuta tana kashe su. Nono ne yake isa ciki da su a raye. Wani abin lura kuma shi ne surfe. Mace takan surfa gero ta bakace ta wanke, dusa ta tafi wurin awaki, wato abincin ƙwayoyin hanji ne ake zuba wa dabbobi. Ga shi kuma yanzu farar shinkafa da taliyar leda da burodi da lemon kwalba sun shiga gidaje, har yaro yana ganin tuwon dawa da miyar kuka abincin wanda ba shi da hali ne.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa komawa ga abincin kakanni kaɗai ya wadatar. Tamowa tana kama yara a Jihar Katsina a gidajen da gero ne abincin yau da kullum, domin kunu tsura ba ya gina jikin yaron da aka yaye. Binciken tagwaye da aka yi a Malawi a 2013 ya nuna cewa ƙwayoyin hanji su kansu suna da hannu a cikin tamowa. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauko tarin fuka daga saniya, furar da aka dama da gurɓataccen ruwa kuwa gudawa ce a ludayi. Mai tallan maganin da yake cewa kimiyya ta tabbatar da duk abin da yake sayarwa, ya wuce gona da iri.

Abin takaici shi ne yadda aka raba wannan ilmi. Wani nazari na 2022 ya nuna cewa fiye da kashi 71 cikin ɗari na samfuran da aka san asalinsu daga Turai da Amurka da Kanada suka fito. A Nijeriya, Funmilola Ayeni da abokan aikinta sun kwatanta Bassa na karkara da mazauna birane a 2018. Amma sakamakon Boulpon ko na Bassa ba ya zama hukunci a kan Badauri, sai an auna shi a ƙasarsa da abincinsa.

A nan ne aikin ya iso ƙofar Sashen Hausa. Masanin kimiyya zai iya auna abin da ke cikin kwalba, amma ba lalle ne ya bambance kindirmo da tsala ba, ko ya san kwana nawa gasara take yi kafin ta yi tsami, ko abin da ake hana mai jego ci. Wannan ilmi yana bakin tsofaffin mata, kuma ba a rubuce yake ba. Ya kamata ɗaliban shekarar ƙarshe 'yan asalin masarautar su ɗauki rikoda su shiga gidajen Daura da rugagen kewaye, su tattara sunayen abinci da matakan sarrafa shi da lokutan cinsa, rani da damina, sa'an nan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta haɗa su da takwarorinsu na sashen nazarin ƙananan halittu, kundi ɗaya ya ɗauki aikin ɓangarorin biyu.