Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jigawa kan Tallafin Noman Rani a Fadamar Haɗeja

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi.

Tallafin noma ba baƙo ba ne a ƙasar Haɗeja. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara tura wa manoma saƙon waya su je su karɓi taki da iri a farashin rangwame. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya fito da bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda manoman shinkafa suka fi shiga. A Nuwamban 2023 kuma, a nan ƙaramar hukumar Haɗeja Ministan Noma, Sanata Abubakar Kyari, ya ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa, bisa lamunin Bankin Raya Afirka. Tsarinsa a lokacin shi ne gwamnati ta biya rabin kuɗin iri da taki da magani, manomi ya biya rabi.

Niyyar mai kyau ce, amma fadama tana da nata lokacin. Alkama amfanin hunturu ce, ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. In aka makara, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta motse. Irin da ya isa Auyo ko Kirikasamma a Janairu ya riga ya rasa kaso mai yawa na amfaninsa, ko da kyauta aka raba shi.

Batun biyan rabin kuɗi shi ya fi nauyi. Manomin bakin kogi da damina yake haɗa jarin rani. A shekara irin 2020 da 2022, da ambaliya ta shanye gonakin Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, da yawa sun shiga rani ba ko buhu ɗaya na sayarwa. Wanda ya fi buƙatar tallafin shi ne wanda ba shi da abin biya. Ta wannan ƙofa dillali ke shigowa, ya biya, ya kwashi takin, ya kai kasuwa, sunan manomi kuwa yana nan a takarda. Abin takaici ne a ce an tallafa wa mutumin da bai ga buhun ba.

Sai ruwa. Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa dausayin Nguru. Wani wuri ruwa ya yi yawa, wani wuri babu. Wanda ba ya cikin aikin ban ruwa na Kwarin Haɗeja da injin fetur ya dogara, fetur kuwa ya ninka kuɗi tun cire tallafinsa a Mayun 2023.

Ya Mai Girma Gwamna, roƙon shi ne kayan rani su isa hannun manoma kafin ƙarshen Oktoba. A tantance sunaye a bakin gona, a gaban mai unguwa da malamin gona, a kuma liƙa jerin inda kowa zai karanta. Wanda ambaliya ta cinye gonarsa a ɗaga masa biya zuwa bayan girbi, a kuma ware kuɗin kwashe kachala duk shekara a cikin kasafin noma. Allah Ya yi jagora.