Yawan Jama'a Ba Shi Ne Gaskiya Ba



Duk wanda ya taɓa tafiya da rani tsaka ya san kawalwalniya. Ka hango ruwa yana ƙyalli a gabanka, ka isa wurin ka tarar da busasshiyar ƙasa. Rayuwar ɗan Adam cike take da irin wannan ruɗi, amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruɗin taron jama'a. Mutum ya ga dubbai sun nufi hanya ɗaya, sai ya ce ai ba za su taru su ɓata ba.

Mu duba Ayyukan Manzanni sura 19. A birnin Afisa akwai wani maƙerin azurfa, Dimitiriyas, wanda ke cin abinci da ƙera siffofin haikalin gunkiyar garin. Da ya ga wa'azin Bulus yana rage masa ciniki, sai ya tara abokan sana'arsa, ya lulluɓe maganar aljihu da rigar addini. Gari ya ruɗe, aka kwarara gidan wasa, aka yi wajen sa'a biyu ana ihu. Luka ya shaida mana cewa yawancinsu ba su ma san abin da ya tara su ba. Wanda ya kashe wutar shi ne magatakardan gari, wanda ya tuna musu cewa akwai kotu ga duk mai ƙara. Haka taro yake: mutum ɗaya ya san abin da yake nema, sauran kuwa 'yan bi yarima a sha kiɗa ne. A sura 14 ma, mutanen Listira sun kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, ba a jima ba aka jejjefi Bulus har aka zaci ya mutu.

Mu da muke tsiraru a garuruwanmu mun san wannan a jikinmu. A watan Fabrairu na 2006, saboda zanen da wata jarida ta buga a ƙasar Denmark, aka ƙone majami'u a Maiduguri, aka kashe Kiristocin da ba su taɓa ganin jaridar ba. Amma kada mu tsaya a nan. Cikin 'yan kwanaki aka yi ramuwa a Onitsha, aka kashe 'yan Arewa masu neman abincinsu, waɗanda ba su da hannu a abin da ya faru a Maiduguri. Da yawa cikin masu ramuwar suna amsa sunan Kirista. Ruɗinmu ke nan: muna zaton mugun taro na waɗansu ne kawai, namu kuwa kullum mai tsarki ne.

Ba a tarzoma kaɗai abin yake ba. A 2016 mutane nawa ne suka zuba kuɗinsu a MMM don sun ga kowa yana zubawa? A watan Disamba aka rufe biyan kuɗi, sai aka gane kallon kitse aka yi wa rogo. Haka kuma muke tururuwa wurin duk wanda ya cika fili da alkawarin mu'ujiza, ba mu gwada koyarwarsa da Maganar Allah ba.

Na sani Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma haɗin kanmu abu ne mai kyau. Amma ikilisiya jiki ce, kowace gaɓa da lamirinta. A ranar shari'a kowa zai amsa sunansa shi kaɗai. Shi ya sa Fitowa 23:2 ta hana mu bin rinjaye zuwa ga mugunta.

Saboda haka ina roƙon dattawanmu: idan labari ya shigo ta waya, ku bincika kafin a sanar a majami'a. Ku tambaya, wa ya gani da idonsa? Wa zai ci riba idan muka fusata? Matasanmu kuma, idan kun ji ana ku fito, ku tsaya tukuna ku ji ta bakin dattawa. Almajirai sun hana Bulus shiga gidan wasan nan, kuma ba tsoro ba ne, hikima ce.

Bari Ubangiji ya ba mu ruhun rarrabewa, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.