Tuta da Masaƙa

A watan Yulin 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta hana gwamnatin Amurka sayen tutar ƙasar, sai wadda aka saƙa aka ɗinka a gida. A da, in rabin kayan na gida ne ya wadatar.

To, mu fa? Tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 kore da fari ce kurum, ba ta gagari masaƙanmu ba. Amma masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Muna roƙon Majalisar Tarayya ta kafa irin wannan doka. Kafin nan, ku ma'aikata masu rubuta takardun kwangila, ku riƙa tambayar ɗan kwangila inda aka saƙa yadin.