Dariya Ba Ta Rage wa Littafi Daraja

Akwai masu karatu da yawa, har cikin ɗaliban adabi, da ke ganin duk littafin da ya sa mutum dariya ba shi da nauyi. Idan kuma labarin ya haɗa da jiragen sararin samaniya ko matsafa, sai su ce ai wannan tatsuniyar yara ce. Ni a ganina wannan hukunci ya yi tsauri, kuma mai yanke shi kansa yake cuta.

Mu ɗauki littafin Douglas Adams, marubucin Ingila, mai suna The Hitchhiker's Guide to the Galaxy. Ya faro ne a matsayin wasan kwaikwayo a rediyon BBC a 1978, ya fito a littafi a 1979. Tauraron labarin, Arthur Dent, ya wayi gari hukuma za ta rushe gidansa domin a yi titi. Kafin ya gama jayayya da ita, sai ga wasu halittu daga sama sun zo rushe duniyar baki ɗaya, su ma hanya za su yi. Hujjarsu ita ce, sun manna sanarwa shekara 50 da suka wuce a wani ofishi can wata tauraruwa mai nisa, ba wanda ya je ya kai kuka. Duk wanda ya taɓa yin sintiri a ofis kan takarda guda zai gane inda marubucin ya dosa. Dariyar ita ce ta ɗauko gugar zanar ta kai ta gida.

Na biyu shi ne Terry Pratchett, wanda ya rubuta littattafai 41 kan wata duniya shimfiɗaɗɗiya da giwaye huɗu ke ɗauke da ita, su kuma suna tsaye bisa bayan ƙaton kunkuru. Na farkonsu ya fito a 1983, na ƙarshe a 2015, shekarar da ya mutu. Wanda zai fara, ina ba shi shawara ya nemi Going Postal na 2004. A ciki, mai mulkin birni ya kuɓutar da wani ɗan damfara daga rataya, ya ɗora shi kan gidan waya da ya durƙushe, wasiƙu sun yi tsibi shekara da shekaru ba a raba ba. Mai karatu na cikin ƙyaƙyatawa sai a tunkare shi da tambaya mai nauyi: shin wanda ya talauta mutane da alƙalami ya fi mai wuƙa tsabtar hannu?

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mai karatun Hausa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tafiya ce ta neman ruwa mai warkarwa a ƙasar aljannu, amma abin da ya fi zama a zuciyar jama'a shi ne yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta ɗana wa juna tarko. Ba wanda ya ce barkwancin ya hana littafin shiga ajin jami'a.

Masu suka suna da hujja guda da ba za a watsar ba. Wani ɓangare na rahar Adams da Pratchett wasa ne da kalmomin Turanci da ɗabi'un mutanen Ingila, wanda bai san su ba zai wuce wasu wuraren bai ko murmusa ba. Sai dai abin da ke ƙarƙashi, wato ma'aikacin da ya fifita takarda kan mutum da mayaudarin da ke neman hanyar tuba, kowace al'umma ta san su.

Saboda haka ɗalibin da ya gaji da littattafan jarrabawa kada ya ji kunyar ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma mai hankali ma ba ya ƙin jin ta ta wannan hanya.