DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: KU DAINA KASHE FAYA-FAYAN IYAYENMU DA GARMAHON AKWATI

Rubutun wannan makon zai ɓata wa wasu rai, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani sabon yayi ya shigo mana. Matashi zai buɗe adakar mahaifinsa a Gwarzo ko Getso ko Garo, ya tarar da faya-fayan garmaho na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, sai ya garzaya intanet ya yi odar ƙaramin garmahon nan mai kama da akwati, ya ɗora faifai, ya ɗauki bidiyo, mu kuma mu bi shi da yabo. Shi kuwa tsohon injin Pioneer ko Technics ko National da ke ƙarƙashin gado, tuni an miƙa wa ɗan gwangwan ya auna a sikeli. Wannan ɓarna ce. An sayar da abin da ke adana faifai, an sayo abin da ke cinye shi.

Ga dalili. Sautin faifai yana kwance ne cikin siririn layin da ya zagaye shi. Allura ce ke bin layin tana karkarwa, sai ɗan kan da ke riƙe da ita a bakin hannun injin ya mai da karkarwar ta zama lantarki. Wannan ɗan kan shi ne ran garmaho. Yawancin injinan da iyayenmu suka sayo a Sabon Gari ko suka taho da su daga Makka a shekarun 1970 da 1980 suna ɗauke da ɗaya daga cikin iri biyu. Na farko mai maganaɗisu mai motsi, wanda ake rubuta wa MM: ɗan ƙanƙanin maganaɗisu ne a gindin sandar allura yake rawa kusa da naɗin waya. Irinsa ne Shure M44 da M75 da yawancin na Audio-Technica. Na biyu mai ƙarfe mai motsi, MI: maganaɗisun na zaune wuri guda, ɗan guntun ƙarfe ne ke rawa, kamar na Grado da Stanton 681. Yawancinsu suna bin faifai da nauyin da bai wuce giram ɗaya da rabi zuwa uku ba.

Garmahon akwati fa? Mafi yawansu kan siramik ne a jiki, mai jar allurar roba, yana danne faifai da giram biyar ko fiye, kuma babu inda za ka rage nauyin. Da yawa bakin allurarsu ma ba daimon ba ne, da wuri yake dakushewa. Allurar da ta dakushe kuwa aska ce, kowane zagaye tana kankare bangon layin, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Kaset in ya tsinke a liƙa, waya in ta lalace a sake turo waƙa, amma faifan da aka goge ya tafi ke nan. Araha ba ta ado.

Na san abin da za a ce. "Ai duk waƙoƙin nan suna YouTube, suna memori." To, wa ya sa su a can? Wani ne ya ɗauko daga faifai ko kaset ya ɗora. Abin da babu wanda ya ɗauko, babu shi. Saurari da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a wayoyinmu: kwafi ne na kwafin kaset, kalangu ya dushe, amshi ya cakuɗe, wani an yanke farkonsa, wani an laƙaba masa sunan mawaƙin da ba shi ya yi ba. Faifai kuwa yana zuwa da takardarsa a tsakiya: sunan mawaƙi, sunan waƙa, kamfani irin su EMI na Legas, da lamba. Hujja ce. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015, babu wanda zai dawo ya sake rerawa. Waɗannan ma manya ne da duniya ta sani. Ina ga ƙananan makaɗa da suka yi faifai ɗaya ko biyu? Ta yiwu kwafin da ke adakar gidanku yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa ƙasar Kabo da Gwarzo ta nufi Dayi da Malumfashi da Funtuwa, garin da Shata ya zauna, hanyar direbobi da fatake ce. Ba ƙaramin abu ke ɓoye a ɗakunanmu ba.

Wasu za su ce, "Tsohon injin ai ya mutu, mun jona bai yi ƙara ba." Nan ne aka fi yin asara. Lantarkin da kan MM ko MI ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai, wajen milibolt uku zuwa biyar. In ka jona shi a ramin AUX na sifikar zamani, raɗa kawai za ka ji, siririya babu kauri. Ramin da aka rubuta wa PHONO yake buƙata, irin na bayan tsofaffin amfilifayar Sansui da Kenwood, ko ɗan ƙaramin akwatin da ke yin wannan aikin. Inji nawa lafiyayyu aka fasa don jan waya saboda rashin sanin wannan? Wani kuma bel ɗinsa ne kawai ya narke, robar da ba ta kai kuɗin katin waya na wata ba.

Akwai magana guda da masu sukar tsofaffin kaya suka yi gaskiya a kai. Sandar allura tana zaune ne cikin 'yar roba, kuma zafinmu na bazara da ƙurar hunturu suna busar da ita. Allurar da ta shekara arba'in a ɗakin kwano ba abin ɗorawa a faifai ba ce, ita ma za ta yi ɓarna. Amma nan ne fa darajar MM da MI take: allurar zarewa ake yi da hannu, a tura sabuwa, robar ta zo tare da ita, jikin kan kuwa da wuya ya lalace. Gaskiya ne Shure sun daina ƙera waɗannan kayan tun 2018, amma kamfanin Jico na Japan yana yin allurar da ke shiga tsofaffin kawunansu, Audio-Technica kuma har gobe suna ƙera masu sauƙin kuɗi irin su AT3600L. Mai gyaran da ya ce maka "ba a samun kayansa" bai bincika ba ne.

Sai ku masu ɗora kwandala a kan hannun inji don kada allura ta yi tsalle. Don Allah ku bari. Tsalle alama ce ta datti, ko allura ta ƙare, ko ba a daidaita ma'aunin bayan hannun ba. Ƙara nauyi kamar a yi wa jaki mai ɗingishi ƙarin kaya ne.

A kuma bambanta faya-fayan. Masu nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran, masu gudun 78, layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, kuma ba a goge su da sifirit domin yana narkar da su. Masu gudun 33 da 45 kuwa kada a kuskura a ɗora su a garmahon wani mai allurar ƙarfe, sau ɗaya ya isa ya kashe su. A jera su a tsaye, cikin rigarsu, nesa da rana.

Shawarata ga wannan zaure ita ce mu haɗa kuɗi mu tayar da inji guda a Gwarzo, guda a Kabo, da kai mai kyau da sabuwar allura, a hannun mai gyaran rediyon da muka amince da shi. Mai faifai ya kawo, a wanke, a juya sau ɗaya a naɗa a kwamfuta, a ɗauki hoton takardar tsakiya, a mayar masa da kayansa. Kwafi ɗaya nasa, ɗaya mu nemi masu nazarin Hausa na Jami'ar Bayero ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa su adana.

Kafin nan, in ana rabon gado aka zo kan tsohon inji da tarin faya-fayai, kada a kira ɗan gwangwan. A ɗauki hoton kan allurar da lambar da ke jikinsa a turo nan, akwai waɗanda za su gane shi. Wanda kuma ya riga ya sayi garmahon akwati, ya ajiye shi a kan kabad ya yi ado, amma ya nisanta shi da faifan Shata.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.